Star Trek na Asali: Tambayoyin da Tsofaffin Masoya da Sababbin Masu Kallo Suka Fi Yi

Duk inda aka buɗe hirar tsofaffin shirye-shiryen talabijin na almarar kimiyya, ba a daɗewa sai an faɗa kan Star Trek na shekarun 1960. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suke ta maimaituwa, wasu daga bakin wanda bai taɓa kallo ba, wasu daga wanda ya haddace shirin har yana riga 'yan wasa magana. An fara da masu sauƙi. A sani cewa wasu amsoshin suna tona ƙarshen labari.

Wane shiri ne wannan, kuma yaushe aka yi shi?

Shiri ne mai dogon zango da tashar NBC ta Amurka ta fara nunawa ranar 8 ga Satumba, 1966, ta nuna kashi na ƙarshe ranar 3 ga Yuni, 1969. Zango uku ya yi, kashi 79, kowanne kusan minti 50. Labarin yana faruwa ne a ƙarni na 23, cikin wani kumbo mai suna Enterprise da ke ɗauke da ma'aikata sama da 400, waɗanda aka tura tafiyar shekara biyar su binciko duniyoyin da ɗan Adam bai taɓa takawa ba. Kusan kowane kashi labarinsa daban ne, don haka ba dole sai an bi su a jere ba.

Da yake daga baya an yi shirye-shirye da finafinai da yawa masu wannan suna, masoya kan ce "na asali" idan suna nufin na Kyaftin Kirk da Spock. Shi kaɗai ake magana a kai a nan.

Wa ya ƙirƙiro shi, kuma yaya aka yi ya samu shiga talabijin?

Gene Roddenberry ne. Ya tuƙa jirgin yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, ya tuƙa na fasinja a kamfanin Pan Am, ya yi aikin ɗan sanda a Los Angeles, sannan ya koma rubuta wa talabijin labari. Kamfanin Desilu na jarumar barkwanci Lucille Ball ne ya ɗauki nauyin shirin, duk da tsadarsa.

Kashin gwaji na farko, "The Cage", an ɗauke shi a ƙarshen 1964, kuma babu Kirk a ciki. Jeffrey Hunter ne kyaftin, da sunan Christopher Pike, mataimakiyarsa kuwa mace ce, Majel Barrett ta fito a matsayinta. NBC ta ƙi karɓa, ta ce tunani ya yi masa yawa, motsi ya yi kaɗan. Amma sai ta yi abin da ba a saba ba, ta ce a sake wani gwajin. A na biyun William Shatner ya shigo. Cikin mutanen kumbon farko, Spock kaɗai ya tsallake da sunansa da matsayinsa. Hotunan gwajin farko ba su tashi a banza ba: an saƙa su cikin wani labari mai kashi biyu, "The Menagerie", inda ake yi wa Spock shari'a saboda ya sace kumbon don tsohon maigidansa Pike.

Su wane ne manyan mutanen kumbon?

William Shatner shi ne Kyaftin James T. Kirk. Leonard Nimoy shi ne Spock, mataimakin kyaftin kuma jami'in kimiyya, wanda uwarsa 'yar duniyarmu ce, ubansa ɗan duniyar Vulcan. DeForest Kelley shi ne Likita McCoy. James Doohan shi ne injiniya Scott, wanda kowa ke kira Scotty. Nichelle Nichols ita ce Laftanar Uhura mai kula da sadarwa, George Takei shi ne Sulu matuƙi, Walter Koenig kuma ya shigo a zango na biyu a matsayin Chekov. Majel Barrett ta dawo a matsayin nas Chapel, ita ce kuma muryar kwamfutar kumbon. Ta auri Roddenberry a 1969.

Me ya sa tsofaffin masoya suka fi maganar Kirk, Spock da McCoy fiye da kumbon da duniyoyin?

Domin su ukun ne shirin. Idan matsala ta taso, Spock zai kawo lissafi, ya faɗi abin da hankali ya yarda da shi ko da kuwa rai zai salwanta. McCoy zai fusata, ya tambaye shi ko yana da zuciya a ƙirjinsa. Kirk yana tsakiya yana sauraro, shi ne kuma zai yanke hukunci ya ɗauki nauyin abin da ya biyo baya. Muhawarar da mutum ɗaya kan yi a cikin ransa ita marubutan suka raba wa mutum uku, mai kallo yana ji da kunnensa.

Tsakanin Spock da McCoy kuwa sai ka ce taubasai. Likita ba ya gajiya da tsokanar Spock kan kunnuwansa masu tsini da koren jininsa, Spock kuma ya ɗaga gira ɗaya ya mayar da martani a sanyaye, martanin da ya fi zagi ciwo. Amma da zarar ɗaya ya shiga haɗari, ɗayan ne farkon wanda hankalinsa zai tashi. A ƙarshen kashin "Amok Time", Spock yana zaton ya kashe Kirk da hannunsa. Da ya juya ya gan shi tsaye da rai, sai ya kama kafaɗunsa, fuskarsa ta washe da murmushi, ya kira sunansa da ƙarfi. Daƙiƙa biyu ko uku ne, sai ya tuna akwai idanu a kansa, ya gyara tsayuwa ya koma fuskar shanu. McCoy yana gefe ya gani, bai kuwa bar maganar ta wuce ba. Ba abin da ya tashi ko ya fashe a wannan fitowa, amma tana cikin waɗanda aka fi tunawa a shirin gaba ɗaya.

Kelley ya cancanci a faɗi wani abu a kansa, don shi ake yawan mantawa. Kafin Star Trek, mugu ya saba fitowa a finafinan kaboyi. A nan ya zama likita mai ƙorafi, mai tsoron na'urar da ke cilla mutane daga kumbon zuwa wani wuri nan take, wanda kullum yake tuna wa kyaftin cewa shi likita ne, ba wani abu ba. Sai a zango na biyu aka sa sunansa a buɗewar shiri tare da na sauran biyun.

Daga ina Spock ya samo gaisuwarsa ta yatsu?

Daga ƙuruciyar Nimoy. An haife shi a Boston a 1931, iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga ƙasar da yau ake kira Yukren. Ya sha ba da labarin cewa yana yaro a wurin ibadarsu aka ce kowa ya rufe ido lokacin da ake sa wa jama'a albarka, shi kuwa ya leƙa, ya ga masu sa albarkar sun ɗaga hannu sun raba yatsu biyu-biyu. Da aka zo ɗaukar "Amok Time" a 1967, kashin da aka fara zuwa duniyar Vulcan, sai ya ba da shawarar a yi wa mutanen gaisuwa tasu. Da ita ake haɗa fatan tsawon rai da wadata.

Matsar wuya da Spock ke sumar da mutum da ita ma dabarar Nimoy ce. Rubutun ya ce ya buga wa mutum bindiga a ka, shi kuma ya ga hakan bai dace da ɗan Vulcan ba. Su kuwa kunnuwan, da farko NBC tsoronsu ta ji, wai ya yi kama da shaiɗan, har aka goge tsininsu a hoton wata takardar talla. Ba a daɗe ba wasiƙun masoya suka nuna Spock ne tauraron shirin. Sau uku aka sa Nimoy cikin 'yan takarar kyautar Emmy saboda wannan rawa. Shi kansa ya daɗe yana kokawa da ita: littafin tarihin rayuwarsa na 1975 ya raɗa masa suna da cewa shi ba Spock ba ne, na 1995 kuma ya ce shi ne Spock.

Gaskiya ne Nichelle Nichols ta so barin shirin?

Gaskiya ne, a bakinta aka ji. Mawaƙiya ce kuma 'yar rawa, ta yi aiki da Duke Ellington, zuciyarta tana ga wasan dandamali. Bayan zango na farko ta gaji da yadda ake datse mata magana har ya zama kusan aikinta shi ne ta ce an buɗe layin sadarwa. Ta miƙa wa Roddenberry takardar ajiye aiki. A ƙarshen makon, a wani taron ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, aka ce mata wani masoyinta yana son ganinta. Ashe Martin Luther King Jr. ne. Kamar yadda ta faɗa, ya gaya mata shirin na cikin 'yan kaɗan da yake barin 'ya'yansa su kalla, ya kuma ce ba ta da ikon tafiya, domin a karon farko ana ganin baƙar mace a talabijin ba baiwa ba, ba 'yar aiki ba, jami'a ce da ke zaune tare da kowa. Ta koma ta karɓe takardarta.

Sai an tuna yadda Amurka take a 1967 za a gane nauyin wannan. Dokar da ta haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a ba ta wuce shekara uku ba. Uhura kuma 'yar Afirka ce a labarin, har an ji ta tana magana da Suwahili a kashin da aka fara nunawa. Ba ita kaɗai ba ce: akwai baƙin likita mai suna M'Benga, akwai babban kwamanda baƙi da ya shugabanci shari'ar Kirk, akwai masanin kwamfuta Daystrom wanda William Marshall ya fito a matsayinsa.

A 1977 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ɗauki Nichols ta zagaya ƙasar tana jawo mata da tsiraru su nemi aikin 'yan sama jannati. Rukunin da aka ɗauka a 1978 shi ya ƙunshi Sally Ride, mace Ba'amurkiya ta farko da ta je sararin samaniya, da Guion Bluford, baƙin Ba'amurke na farko. Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je can a 1992, ta ce Uhura ce ta sa mata sha'awar.

Ita kuwa sumbar da ake ta magana fa?

A kashin "Plato's Stepchildren" ne, wanda aka nuna ranar 22 ga Nuwamba, 1968. Wasu halittu masu juya mutum da ƙarfin tunani suka tilasta wa Kirk da Uhura su sumbaci juna. Ana yawan cewa ita ce ta farko tsakanin fari da baƙa a talabijin, amma an samu waɗanda suka riga ta, musamman a Ingila. Shaharar dai tata ce. NBC ta ji tsoron tashoshin kudancin Amurka, ta nemi a ɗauki wata fitowar babu sumba. Nichols ta ce ita da Shatner da gangan suka riƙa ɓata wancan ɗaukar har aka haƙura. Kashin kansa ba shi da daɗin kallo, wulaƙanci ne daga farko har ƙarshe, kuma saboda azabtarwar da ke ciki BBC ba ta nuna shi ba sai cikin shekarun 1990.

Scotty ɗan Sikotlan ne da gaske?

A'a. James Doohan ɗan Kanada ne, gwanin kwaikwayon harshe. Shi ya zaɓi karin Sikotlan saboda a ganinsa daga can injiniyoyin kirki suke fitowa. Tsohon soja ne, yana cikin dakarun Kanada da suka sauka a gaɓar Normandy ranar 6 ga Yuni, 1944. A daren ranar wani sojan ɓangarensu da ke gadi ya buɗe masa wuta bisa kuskure. Harsashi ɗaya ya tsaya a gwangwanin sigari da ke aljihun ƙirjinsa, wani ya cire masa yatsan tsakiya na hannun dama. A shirin ana ɓoye hannun, wani lokaci a ɗauki hannun wani idan za a nuna kusa. Mai sa ido zai iya ganinsa a kashin 'yan dabbobin nan masu gashi da za a ambata nan gaba, "The Trouble with Tribbles", inda ya rungumo su a ƙirji.

Injiniyoyi da yawa sun ce Scotty ne ya ja su zuwa sana'ar. Halinsa da aka fi so shi ne ya rantse injin ba zai iya ba, sannan ya sa shi ya iya.

Me aka sani game da Sulu da Chekov?

George Takei haifaffen Los Angeles ne, iyayensa 'yan asalin Japan. Yana ɗan shekara biyar, a 1942, gwamnatin Amurka ta kwashe iyalinsa zuwa sansanonin tsare 'yan asalin Japan, da farko a Rohwer da ke Arkansas, daga baya a Tule Lake da ke Kalifoniya. Shekara ashirin da 'yan kai bayan haka shi ne zaune a gaba yana tuƙa kumbon. Masoya ba sa manta kashin da wata cuta ta cire wa ma'aikata kunya, Sulu ya tuɓe riga ya ɗauki takobi yana bin mutane a lungunan kumbon.

An kawo Chekov ne don a jawo matasa, har aka sa wa Koenig gashin kanti da farko don ya yi kama da mawaƙan da 'yan mata ke so a lokacin. Amma sa Barashe a ɗakin sarrafa kumbon Amurkawa ana tsakiyar Yaƙin Cacar Baka ba ƙaramin abu ba ne. Barkwancinsa shi ne duk abin da aka ambata sai ya ce a Rasha aka ƙirƙiro shi. Ya samu sarari sosai a zango na biyu saboda Takei ya tafi ɗaukar wani fim da John Wayne, aka riƙa ba Chekov maganganun Sulu.

Da wane kashi ya kamata in fara?

Ni dai "The Devil in the Dark" nake ba sabon mai kallo. (Daga nan akwai tonon labari.) Wata halitta mai kama da dunƙulen dutse tana kashe masu haƙar ma'adinai, aka kira Enterprise ya zo ya gama da ita. Spock ya haɗa tunaninsa da nata, sai aka gano uwa ce, ƙwallayen da mahaƙan suke fasawa ƙwayayenta ne. McCoy, bayan ya yi ƙorafin cewa shi likita ne ba magini ba, ya ɗebo siminti ya shafe mata rauni. Mutum ne ke rarrafe a ƙarƙashin wani abu kamar tsohon bargo, amma Nimoy yana durƙushe yana kukan zafin da take ji, sai ka manta da bargon. Ana cikin ɗaukar wannan kashi mahaifin Shatner ya rasu.

Bayan shi sai "The City on the Edge of Forever", wanda da yawa suke ɗauka shi ne mafi kyau. Kirk da Spock suka bi McCoy zuwa New York ta 1930, Kirk ya kamu da son wata mai taimakon talakawa, Edith Keeler, wadda Joan Collins ta fito a matsayinta. Sai ya gano idan ta rayu tarihi zai karkace har 'yan Nazi su ci yaƙi. Mota ta taho, McCoy ya yunƙura zai cece ta, Kirk ya riƙe shi yana runtse ido. Masu cewa Shatner bai iya komai ba sai ihu da yanka magana gunduwa-gunduwa, su kalli fuskarsa a nan. Harlan Ellison ne ya rubuta labarin, ya kuma shafe shekaru yana fushi da gyaran da aka yi masa.

Idan dariya ake so, "The Trouble with Tribbles": wasu 'yan dabbobi masu gashi da ba su da aiki sai ci da haihuwa suka cika kumbon, Kirk ya buɗe rumbun hatsi suka zubo masa har wuya, ma'aikata a sama suna ci gaba da jefo masa su ɗaya-ɗaya a ka. "Balance of Terror" kuwa farautar juna ce tsakanin kyaftin biyu masu ganin girman juna. "Space Seed" shi ya gabatar da Khan, wanda za a sake jin labarinsa a amsar farfaɗowar shirin.

Me ya sa kayan aikin suke kama da na wasan yara?

Kuɗi ne babu, kwamfutar yin siddabaru kuma ba a ƙirƙiro ta ba. Ƙofofin da suke buɗe kansu, mutane ne a bayan bango suke ja, kuma idan suka makara ɗan wasa ya yi karo da ƙofa. Duwatsun duniyoyin na roba da takarda ne. Wasu kayan aikin McCoy kwalaben barbaɗa gishiri ne da aka sayo don teburin cin abinci, aka ga ba wanda zai gane su, sai aka mayar da su kayan asibiti. Ita kanta na'urar da ke narkar da mutum ta haɗa shi a wani wuri, talauci ne ya haife ta: nuna kumbo yana sauka a kowane mako ya fi ƙarfin kasafin, sai aka ɗauki hoton garin ƙarfe mai ƙyalli yana zuba aka ɗora a kan mutum.

Inda aka kashe basira kuwa ya nuna. Matt Jefferies ne ya zana kumbon, kuma samfurinsa mai tsawon ƙafa 11 yana gidan tarihin jiragen sama da sararin samaniya na Smithsonian a Washington. Wah Chang ya ƙera 'yar na'urar sadarwa mai murfi da ake buɗewa da yatsa, wadda kowa ya tuna da ita lokacin da wayoyin salula masu murfi suka fito a shekarun 1990. Launuka masu ƙarfi da ke ko'ina ma da dalili: kamfanin RCA, wanda ya mallaki NBC a lokacin, yana sayar da talabijin mai kala.

Mene ne zancen jar riga?

Masu gadi a kumbon jar riga suke sawa. Idan aka sauka wata duniya da Kirk, Spock, McCoy da wani mai jar riga da ba a taɓa gani ba, an san wanda ba zai dawo ba. Ya zama abin barkwanci har a wajen shirin. Scotty da Uhura ma ja suke sawa, amma su sunansu ya kare su.

Idan yana da kyau haka, me ya sa aka dakatar da shi?

Alƙaluman masu kallo ba su taɓa gamsar da NBC ba. Da aka ji raɗe-raɗin za a soke shi bayan zango na biyu, wasu ma'aurata masoya, Bjo da John Trimble, suka shirya gangamin rubuta wasiƙu, ɗalibai suka yi zanga-zanga a gaban ofishin tashar, har NBC ta sanar a talabijin cewa shirin zai dawo. Ya dawo ɗin, amma aka kai shi ƙarfe goma na daren Juma'a, lokacin da matasan da ke kallonsa ba sa gida, aka kuma rage masa kuɗi. Roddenberry ya ja baya daga aikin yau da kullum, manyan marubuta irin su Gene L. Coon da D. C. Fontana ba su kan kujerunsu na da. Zango na uku ya buɗe da kashin da aka sace ƙwaƙwalwar Spock ana tuƙa gangar jikinsa da rimot. Wannan kaɗai ya isa bayani.

Kashi na ƙarshe ya fita makonni kaɗan kafin Neil Armstrong ya taka wata a ranar 20 ga Yuli, 1969.

To yaya aka yi ya farfaɗo?

Zango na ukun nan da ake kushewa shi ya cece shi, domin ya sa adadin kashin ya isa a sayar wa ƙananan tashoshi su riƙa maimaitawa kullum da yamma. A nan ya samu masu kallon da bai samu ba a NBC. A Janairun 1972 aka yi babban taron masoya a New York, ana sa ran 'yan ɗaruruwa, dubbai suka zo. An yi na zane mai motsi a 1973 da 1974 da muryoyin yawancin 'yan wasan. A 1976 wasiƙun masoya suka sa Shugaba Gerald Ford ya amince a raɗa wa kumbon gwaji na NASA suna Enterprise, aka gayyaci Roddenberry da 'yan wasan bikin fito da shi.

Fim na farko ya fito a 1979, aka yi shida da waɗannan 'yan wasa zuwa 1991. Na biyu, na 1982, inda Ricardo Montalbán ya dawo a matsayin Khan, shi aka fi yabo, kuma mutuwar Spock a ƙarshensa, shi da Kirk gilashi ya raba su, ta sa manya kuka a silima. Nimoy ne ya ba da umarni a na uku da na huɗu.

'Yan wasan sun zauna lafiya da juna kamar yadda ake gani a allo?

Ba duka ba. Takei da Doohan sun fito fili sun ce Shatner yana janye kyamara da magana zuwa kansa. Shatner ya rubuta cewa bai san haka suke ji ba sai da Nichols ta zaunar da shi ta faɗa masa, lokacin da yake tattara hirarraki don littafinsa a farkon shekarun 1990. Shi da Takei sun shafe shekaru suna jifan juna da magana a jaridu. Tsakaninsa da Nimoy, wanda kwana huɗu kawai ya raba haihuwarsu, an fara da kishi kan wasiƙun masoya, aka koma aminci na shekaru masu yawa, sannan Nimoy ya daina yi masa magana a ƙarshen rayuwarsa, abin da Shatner ya ce yana damunsa. Kelley ne kaɗai ba a taɓa jin wani cikinsu ya faɗi aibunsa ba.

Akwai abin da zai dami mai kallo na yau?

Akwai. Shirin da ya ɗaga Uhura shi ne kuma ya sa mata jami'ai cikin guntayen riguna, yake dusashe hoto duk lokacin da kyakkyawa ta bayyana, yake sa Kirk soyayya a duniya bayan duniya. Mai kallo da iyali ya san da wannan. Kashi na ƙarshe ma labarin wata mace ce da ta haukace saboda son kujerar kyaftin. An shafa wa fararen 'yan wasa duhun kwalliya su fito a Klingon, mutanen wata duniya abokan gabar su Kirk, Khan kuma ɗan Indiya ne a labarin amma ɗan Meziko ya fito a matsayinsa. Sannan akwai dokar da ta hana ma'aikatan kumbon tsoma baki a al'amuran wasu al'ummomi, wadda Kirk yake takawa duk lokacin da ya ga tsarin mutane bai yi masa ba. Wanda ƙasarsa ta ɗanɗana mulkin mallaka zai lura da wannan tun kafin a nuna masa.

Wani wa'azin ma ba sirri a cikinsa, kamar kashin mutum biyu masu rabin fuska baƙi rabi fari da suka hallaka duniyarsu saboda ɗaya baƙinsa a dama yake, ɗaya a hagu. An buga shi da guduma, amma a 1969 aka buga.

Ina 'yan wasan suke yanzu?

Roddenberry ya rasu a 1991, Kelley a 1999, Doohan a 2005, Barrett a 2008. Nimoy ya rasu ranar 27 ga Fabrairu, 2015, da ciwon huhu da ya danganta da shan sigarin da ya daina tun da daɗewa. Wani ɗan sama jannati ya ɗauki hoton hannunsa yana gaisuwar Vulcan ta tagar tashar sararin samaniya don karrama shi. Nichols ta rasu ranar 30 ga Yuli, 2022, ta bar Shatner, Takei da Koenig.

Shatner ya je sararin samaniya da gaske ranar 13 ga Oktoba, 2021, a kumbon kamfanin Blue Origin, yana da shekara 90, tafiyar kusan minti goma. Ya sauko yana hawaye. Daga baya ya rubuta cewa ba murnar da ya zata ya ji ba, baƙin ciki ne ya rufe shi da ya ga duhun da ke can da kuma siririn shuɗin da ya lulluɓe duniyarmu.

Na ga iri biyu, ɗaya kumbon ya fi kyau. Wanne zan kalla?

A 2006, da shirin ya cika shekara 40, aka wanke hotunan aka sake yin fitowar kumbo da duniyoyi da kwamfuta. 'Yan wasa da maganganunsu ba a taɓa su ba. Wannan sabon shi aka fi samu a intanet, fayafayan Blu-ray kuma suna ɗauke da duka biyun. Sabon mai kallo ya ɗauki wanda aka gyara, ba zai rasa komai na labari ba. Sai dai tsabtar hoton tana tona asirin da tsohuwar talabijin ta rufe: za ka ga inda aka manna kunnen Spock, ka kuma gane fuskar wanda yake shigar wa Shatner idan an zo dambe.